Shatin Yatsan Babanku a Gadar Rama

Wannan babin na daɗe ina kewaye shi. Na ba ku labarin saukowarmu daga Garwa, na ba ku na ɗakin hayarmu na farko mai yoyo ta kowace kusurwa, na ba ku na yadda Babanku ya kafa tukubar tsirensa a bakin titi, amma duk sanda na iso shekarar gadar nan sai in tuna ina da wanki. Yau dai babu wanki. Kai Sani da ke Ummi, dominku nake wannan rubutu, musamman kai Sani, da har gobe in yayarka ta kira waya sai ka tuna wuta na jiranka a tukuba. Kuna cewa ta fasa gadar Babanku don ta samu hanyar Kanada. Kuna kuma cewa ni ban yafe mata ba, shi ya sa ko filin jirgi ban raka ta ba. Duka biyun ba haka ba ne, kuma ba na son in bar duniya in bar ku da su.

Sai na fara da abin da ku 'ya'yan unguwar Labrik ba ku ɗauka da nauyi ba. Yayarku 'yar fari ce. A gidan da na tashi, uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta yabonsa, in ma an yabe shi a gabanta sai ta kau da kai kamar da wani ake. Da a Garwa muke, ana yaye ta kakarta za ta ɗauke ta, kowa ya huta. Amma a Yawunde ba ni da uwa ba ni da goggo, dole ni na riƙe abata. Na goya ta, na yi mata kitso, na yi jinyar ƙyandarta, duk da “ke” da “yarinyar nan”. Babanku ma kunyar ta hau kansa, sai dai shi mutum ne mai dabara. Tun ranar da ta kwance masa rediyo tana ƙarama, ta kuma mayar da shi ya ci gaba da magana, ya raɗa mata Injiniya. Ya samu sunan da zai ƙwala tun daga bakin layi, ni kuwa na zauna da “ke” ɗina. Ba zan ɓoye muku ba, na yi kishin sunan nan.

A shekararta ta ƙarshe a makarantar injiniyoyi ne ta shigo da zancen, muna cin tuwo a tsakar gida.

“Baba, an sa mana gasa. Kwankur ne na gina gada.”

“Gada? To ga ta rafin ƙasan layinmu nan, katako biyu ne kacal, ku fara da ita.”

“Ba babba ba, Baba. 'Yar ƙarama ce, tsawon hannuna. Wadda ta fi rashin nauyi, ta kuma fi ɗaukar kaya, ita ce ta ci.”

Ta yi masa bayani, ni kuma ina kwashe kwanuka a hankali don in ji. Ba da ƙarfe ake yi ba, ba da katako ba. Zare ake shimfiɗawa a jere, a zuba masa wani ruwan danƙo da suke kira rezin, in ya bushe sai su zama abu ɗaya mai tauri. Wasu ɗaliban za su sayi zaren gilashi na ƙasar waje, amma akwai rukunin masu zaren tsirran gida, a nan ita da abokan aikinta suka shiga. Sun gwada na ayaba, sun gwada na rafiya, bai yi musu ba. Malamansu sun ambaci rama, sai dai samun mai kyau a kudu aiki ne. Babanku ya ajiye loma. Ya ce da igiyar rama suke ɗaure bijimi a garinsu, kuma tun bai san wando ba yake tufka. Kafin sati ya zagayo ya yi magana da wani abokinsa ɗan tireda, sai ga dami guda ya sauko a jirgin ƙasa daga Ngawundare, yana ƙamshin arewa. Na kai hancina jikinsa da babu kowa, na ji kamar bayan gidanmu da kaka.

Daga nan gidanmu ya zama wurin aiki. Su uku ne: ita, da wata yarinya Kirista 'yar unguwar Nkomkana mai suna Solanj, mai dariya kamar ana yi mata cakulkuli, da wani dogon saurayi mai tabarau da ban taɓa riƙe sunansa ba. Su ne masu lissafi da awo da haɗa rezin, wanda warinsa ya sa maƙwabta suka yi ta leƙowa ta katanga suna tambayar ko fenti muke sayarwa. Gyaran zare kuwa Babanku ya karɓe shi, ba wanda ya roƙe shi. Tsakanin azahar da la'asar, kafin ya fita hura wuta, zai zauna a kan buzunsa da ramar a cinya, yana tajewa sili-sili har ta kwanta kamar gashin amarya. Matajina ya sace don wannan aikin. Na neme shi har ƙarƙashin gado, sai na gan shi a hannunsa.

“Malam, wannan fa na kaina ne.”

“Ara mana, Hajiya. Kanki ba ya cikin gasa.”

Ni a tunanina gasar irin ta baje koli ce. Za a jera gadojin a kan tebur, manya su zo su duba, su ɗaga su ji nauyi, su ɗora wani abu a kai, su ba da maki, kowa ya ɗauki abinsa ya koma gida. Na ga tana fita da waɗanda suka fara yi ba ta dawowa da su, na ɗauka malamai ne ke ajiyewa. Tambaya ɗaya da ta warware min komai, amma uwa ba ta zama ta yi wa 'yar fari tambayar aikinta kamar mai alfahari da ita. Daga madafa nake sauraro, abin da iska ta kawo min shi na sani.

Ta ƙarshen ita ce suka zuba wa duk abin da suke da shi. Zaren da ya fi kyau, wanda Babanku ya ware gefe tun farko, a cikinta ya ƙare. Sun zuba rezin da hantsi, suka ajiye ta a inuwar baranda ta sha iska. Kun san halin Babanku da babban yatsansa na dama, mai tabon wuƙa a tsakiya. Da shi yake danna nama ya san ya nuna ko da saura. Da shi yake danna mangwaro, da burodi, da kumatun jarirai. Ya fito zai tafi tukuba, ya tsaya a kan gadar yana kallo, kafin kowa ya ankara ya danna mata yatsa a can ƙarshe, wurin ƙafarta.

“Baba!”

Ihun da yayarku ta yi sai da kaji suka watse. Shi kuwa ya ɗago yatsan yana dubawa, ko a jikinsa.

“Ba ta nuna ba, Injiniya. A ƙara mata wuta.”

Solanj ta faɗi ƙasa don dariya. Yayarku ta duba, ta auna, ta yi tsaki, ta ce Allah ya so a ƙafa ne, ba a tsakiya ba, ba zai ɓata komai ba. Ya fita yana goge yatsa a jikin rigarsa yana dariya. Tabon bai taɓa fita daga rigar ba.

Ba a yi wata guda ba ya faɗi a bakin tukuba. Hawan jini, in ji likita. Kai Sani kai ka ɗauko shi, ba sai na ba ka labarin asibiti ba. Bai ƙara magana ba har Allah ya karɓi abinsa. Na shiga takaba, gida ya cika da masu gaisuwa daga unguwannin Tsinga da Messa, har daga Garwa, ɗakin yayarku ya zama masaukin baƙi. Don kada yara su taka gadar, ta kawo ta ɗakina ta ɗora a saman kabad.

Bayan mutane sun ragu, wata rana da hantsi na sauko da ita don in kaɗe ƙura. Na yi mamakin rashin nauyinta, ludayin miyata ya fi ta. Launinta kamar zuma, ana hango zaren a ciki kwance a jere, yadda ya taje shi. Ina juya ta sai yatsana ya faɗa cikin wani ɗan rami. Na kai ta bakin taga. Shatin yatsansa ne, cif, kowane layi ya fito, ga tabon wuƙar nan ya ratsa tsakiya. Na sa babban yatsana a ciki. Ya yi min yawa, kamar yadda takalminsa ke yi min. 'Ya'yana, shekarun da na yi da Babanku ban taɓa riƙe hannunsa a gaban mutum ba, ko ku ba ku taɓa gani ba. Ranar na zauna a bakin gado da yatsana a cikin nasa har aka kira azahar. Rigunansa an raba, hularsa ƙaninsa ya ɗauka, hotunansa kuwa duk ya ƙame a ciki kamar soja. Wannan ramin kaɗai ne shi yadda na san shi, mai taɓa abin da ba a sa shi ba. Daga ranar kullum sai na sauko da ita. Da ita na yi takabata.

Solanj ce ta fasa min ƙwan, ba da nufi ba. Ta zo gaishe ni da ledar lemo, ta ɗaura ɗankwali saboda ni, ta hango gadar a gefen gadona. Hausarta ta kasuwa ce, tana yi tana cikawa da Faransanci.

“Maman, ki yi mana addu'a. Samedi, Asabar ɗin nan, za mu ji ƙararta.”

“Ƙarar me?”

“In ta fashe mana. Paa! Namu zai yi ƙara sosai, Maman, parce que yana da ƙarfi.”

Ta ga ban gane ba, sai ta ciro waya ta nuna min bidiyon gwajin da suka yi a makaranta. Na ga ɗaya daga cikin gadojin farko a kan ƙafafun ƙarfe biyu. Wani inji ya sauko da hancinsa a tsakiyarta, yana dannawa a hankali, lambobi na gudu a allo, yara na ihu. Gadar ta fara kuka ƙas-ƙas, sannan ta tarwatse. Ashe haka gasar take. A auna nauyin gada, a danne ta har ta karye, a ga nawa ta ɗauka kafin ta mutu. Babu wadda ke komawa gida. Wadda ta ci ma sai an fasa ta ake sanin ta ci. Solanj ta ƙara da cewa waɗanda suka zo na ɗaya za a ba su gurbin ƙaro karatu a Kanada. Ta faɗa da murna, ta ɗauka na sani.

Da la'asar magana ta fito fili, don kai Sani ka tarar da ni fuskata ba daidai ba, ka matsa sai da na faɗa. Ban taɓa ganin ranka ya ɓaci kamar ranar ba. Kana da shekara ashirin, ka karɓi wuƙar ubanka da tukubarsa, hayaƙi bai gama sabawa da idonka ba. Ka tare yayarka a tsakar gida tun ba ta ajiye jaka ba.

“Yaya, da gaske fasa ta za a yi?”

“Haka dokar take, Sani.”

“Da hannun Baba a jiki? Ki yi wata mana!”

“Da wane zare? Wanda ya gyara ya ƙare a cikinta. Ko an kawo sabo yau, ba zai jiƙu ya bushe kafin Asabar ba.”

“To ki yanke wurin yatsan ki bar mana.”

“A kansa take tsayawa. In na yanke ta gaza tsawo, ba za a karɓa ba.”

“Wallahi gadar nan ba za ta fita gidan nan ba!”

Da ta yi magana, ba kai take kallo ba, labulen ɗakina take kallo.

“Baba ya sani. Tun ranar farko na gaya masa. Dariya ya yi, ya ce shi ma duk abin da ya gasa kafin isha'i an cinye, bai taɓa kuka ba. Amma Inna ce mai magana. In ta ce a bari, na bari. Zan ba su Solanj haƙuri.”

Na san 'yata, ba baki ba ne. In na ce a bari, za ta bari, kuma ba za ta taɓa yi min gori ba. To ku ji abin da ke gabana, don ku daina cewa abu ne mai sauƙi. In na riƙe gadar, yatsan Babanku na nan, yayarku ma na nan, za ta samu aiki a Yawunde ko Duwala, in riƙa jin takunta a tsakar gida. In na bayar, za a niƙe abu ɗaya da ya rage min, kuma in Allah ya ba su sa'a, jirgi ya ɗauke min 'ya. Riƙewa ba ta buƙatar in yi komai, shiru kawai zan yi. Kuma na so in yi shirun. Wallahi na so. Kwanakin nan ina zaune da gadar a cinya ina jin ruwan sama na dukan kwano.

Ana jibi gasar na leƙa ta taga na gan ta a bakin famfo. Tana wanke kayan aikinsu ɗaya bayan ɗaya, tana jerawa a kwali, irin wankin wanda ya gama da abu. Fatar hannunta duk ta saɓule saboda rezin. Ba ta roƙe ni ba, ba ta turo kowa ya roƙe ni ba. A cikin kayan ta ɗauko matajina, ta tsaya tana cire sauran zaren rama da ya maƙale a haƙoransa, ta dunƙule shi ta sa a aljihu. Sai na ga Babanku a kan buzu, bayansa a tanƙware, mutumin da ƙafafunsa ke kumbura don tsayuwa, ya hana kansa barcin rana wata da watanni. Ya san fasawa za a yi, ya taje. Ba don saman kabad ɗina ya yi ba. Don Injiniyarsa ya yi.

Ranar Asabar bayan sallar asuba na sauko da ita. Na sa yatsana sau ɗaya, na daɗe, sannan na naɗe ta a zanena mai kyau, na ajiye a ƙofar ɗaki. Ke Ummi kina shara, kina 'yar shekara goma sha, na kira ki.

“Ki gaya wa yarinyar nan kayanta na tare min wuri a ɗaki. Ta zo ta kwashe.”

Wannan maganar ce kuka riƙe har yau a matsayin fushi. Me kuke so in ce? In fito tsakar gida in rungume ta in ce je ki, 'yata, Allah ya ba ki nasara? Bakina bai san hanyar waɗannan kalmomin ba. Uwata ba ta taɓa faɗa wa yayana ba, ita ma tata uwar haka. Amma yayarku ta ji abin da na ce. Ta zo ta durƙusa, ta ɗauka da hannu biyu, ta ga zanen da na zaɓa, ta ce, “Na gode, Inna.” Na ce ta ja min labule.

Mai takaba ba ta zuwa taro, don haka ban ga yadda aka yi ba, kuma har yau ban yarda an nuna min bidiyon ba. Na zauna a kan darduma ina jin unguwa na harkarta, kekunan teloli, masu babur, mai bobolon rogo na talla. Duk ƙarar da aka yi a layi sai gabana ya faɗi. Da la'asar sakaliya na jiyo muryar Solanj tun daga bakin titi, tana ihu da yare uku. Sun zo na ɗaya. Maƙwabtan da suka yi ta ƙorafin wari suka cika gidan da guɗa, sai da wata dattijuwa ta tuna musu gidan makoki ne. Kai Sani ka saɓa riga ka fice. Yayarku ta shigo ɗakina ita kaɗai, idonta jajir, ta durƙusa ta ajiye zanena a ninke da wata baƙar leda a kai.

“Inna, ta ɗauki kaya fiye da lissafinmu. Da ta tashi fashewa har ƙafar ta tarwatse. Na duba ƙasa ko'ina ban ga wurin yatsan ba. Na share duk abin da na samu, ga shi.”

Na ce, “Akwai tuwo a kula.”

Washegari da gida ya yi shiru na juye ledar a faifai, na zauna ina tsinta kamar mai tsintar shinkafa. Tsinke-tsinke ne da gari da ƙurar ɗakin gasa, har da guntayen gadojin wasu. Suna soke ni a yatsa ina ci gaba. Can ƙasa, manne a cikin wani dunƙulen zare, na same shi. Bai fi ɓarin goro ba. Gefensa duk ya tsattsage, amma shatin na nan lafiya lau, da tabonsa. Na yi kukan da ban yi ba ranar rasuwa. Na goge kaifin gefen da dutsen ƙafa, na ƙulle shi a bakin zanena, ban gaya wa kowa ba. Da farko rowa ce, ina son abina ni kaɗai. Daga baya kuma, da takardunta suka fara fitowa, na gane ba nawa ba ne, ajiya aka ba ni.

Ana gobe za ta tafi na daka mata yaji irin na Babanku, da ƙuli da citta da kimba, don ta ce kilishi ba zai wuce a filin jirgi ba. Da rana kowa ya fita sallama, na kwance bakin zanena, na naɗe abin a 'yar leda, na tura shi can ƙasan robar yajin, na rufe, na ɗaure. Kai Sani kana da tukubarsa, da wuƙarsa, da abokansa masu ce maka ɗan Malam, har muryarsa ka gada. Ummi na da ni. Dukanmu muna da kabarinsa, kuɗin taksi ɗaya ne. Ita kuwa za ta inda ba wanda ya taɓa jin sunansa. Na san kana da haƙƙi a ciki, kuma ban shawarce ka ba. In akwai fushi, ni za ka kawo wa, amma ko yau aka dawo da ranar haka zan yi.

Filin jirgi kuwa, na gama takaba, da na so da na je. Ban je ba don ba zan tsaya gaban jama'a ina kuka a kan 'yar fari ba. Ta durƙusa a ƙofar ɗakina, na ce Allah ya kiyaye hanya, ta riƙe salla. Da kuka fita da akwatunan na lallaɓa bayan ƙyauren gida. Akwai wata 'yar huda a kwanon, wurin da ƙusa ta fita. Ta nan na raka ta, har taksin ya sha kwana.

Shekaru sun tafi. Ta gama karatu, ta samu aiki, yanzu manyan gadoji take dubawa, masu ɗaukar tirela, a garin da ruwan kogi ke daskarewa. Ta zo sau ɗaya aka ɗaura mata aure, gida cike, ba mu samu zama mu biyu ba, ko mun samu ma ban san me za mu ce ba. Ta haihu a can, aka sa wa yarinyar sunana, suna kiranta Nana. Ban taɓa ɗaukarta ba, ban san nauyinta ba, ban san ƙamshin kanta ba. A duk wayar da muka yi ba ta taɓa ambaton robar yajin ba, ni ma ban tambaya ba. Har na fara tunanin ko ma'aikatan filin jirgi sun zubar. Hannuna kuwa bai daina ba. Ina zaune cikin mutane sai in ji babban yatsana na laluben bakin zane, ya tarar da ƙulli babu komai. Ina kewar Babanku, ina kewar yayarku, wani lokaci ban san wacce kewar ce ke ci na ba.

Ranar ƙaramar sallar da ta wuce ta kira da bidiyo, ke Ummi kika saita min wayar kika tafi kai tuwon maƙwabta. Nana ta cika allon da fuskarta, an yi mata lalle, tana ta zuba Faransanci. Sai ta ruga ta dawo da wani ɗan akwati.

“Kaka, regarde! Yatsan Kaka Malam!”

Ta buɗe. Ga shi nan a kan auduga, launin zuma, ya ƙara sheƙi don yawan shafa. Ta sa ɗan yatsanta a cikin ramin, ya nutse kamar ƙwayar gero a ludayi, tana dariya. Yayarku ta matso bayanta. Mun kalli juna, ita a can ni a nan.

“Inna, tun ranar da na sauka na gan shi. Na buɗe yajin zan ci da burodi, don ban san kowa ba, ban san inda ake sayar da komai ba. Ranar ban ci ba.”

Ina da maganganun shekara da shekaru da nake son gaya mata. Na buɗe baki, ga abin da ya fito:

“Yajin dai bai yi warin rezin ba ko?”

Ta yi dariya, hawaye na zuba.

“Bai yi ba, Inna. Ko kaɗan.”

Sai layin ya yanke, hoton ya tsaya cak da hannun Nana a gaba. Na duba na ga babban yatsana a kan gilashin wayar, daidai wurin, ban san sanda na kai shi ba. Gilashin santsi ne, babu rami.

To kun ji. Ba ta ƙwaci komai ba, ni na naɗe na bayar, kuma abin da kuke makokinsa bai ɓata ba, yana hannun jikar Babanku. Kai Sani, na gaji da ganinka kana gudu in waya ta yi ƙara. Ka wanke hannu ka kira Safiya. Ga shi na rubuta sunan, karo na farko tun ranar da aka raɗa shi, kuma na daɗe ina kallonsa a kan takarda. Ka gaishe ta, ka tambaye ta sanyi. Sannan ka tambaye ta yaushe za ta kawo min yarinyar nan, don ni ko zan shekara da waya a hannu, bakina ba zai iya ba.